Ba a Yanke Musu Hukunci Ba, Ba a Kai Su Asibiti Ba



Yau za mu leƙa bayan katangar gidan yari, ko gidan gyaran hali kamar yadda hukuma ta sauya masa suna tun 2019. A cikin dubban mutanen da ke bayan wannan katanga akwai wani rukuni da ba kasafai ake jin labarinsa ba. Su ne masu fama da taɓin hankali da ke zaman jiran shari'a. Babu alƙalin da ya ce sun yi laifi, kuma babu likitan da ke duba su yadda ya kamata. Wani ya yi wata shida a haka, wani shekara uku, wani ma ya haura shekara goma.

Bari mu fara da alƙaluma. A 'yan shekarun nan, yawan mutanen da ke tsare a gidajen yarin Najeriya yana kaiwa wajen 80,000, a gine-ginen da wasunsu tun zamanin Turawa suke, irin su Kurmawa a Kano da babban gidan yarin Kaduna, waɗanda ba a gina su don ɗaukar wannan taro ba. Kusan kashi biyu cikin uku na waɗannan mutane jiran shari'a suke yi. Wato a duk mutum uku da ka gani a ciki, biyu ba a same su da laifi ba tukuna. Sannan a watan Agustan 2025, Hukumar Kula da Gidajen Gyaran Hali da bakinta ta shaida wa wani kwamitin bincike a Abuja cewa tana riƙe da fursunoni fiye da 8,000 masu lalurar ƙwaƙwalwa. Wannan adadin waɗanda aka gane ne. Wanda ya yi shiru a kusurwar ɗaki yana ramewa, ba ya duka ba ya zagi, sau da yawa ba ya shiga lissafi.

Matsalar ba a Najeriya kaɗai take ba. A 2002 mujallar likitoci ta Lancet ta buga wani nazari da ya tattara bincike 62 da aka yi a kan fursunoni kusan 23,000 a ƙasashen Yamma, aka gano cewa kusan ɗaya cikin bakwai yana fama da ko dai gushewar hankali ko ciwon damuwa mai tsanani. Wannan a ƙasashen da ke da likitoci da kuɗi ke nan. Mu kuwa, likitocin ƙwaƙwalwa da ke aiki a faɗin ƙasar nan ba su kai 300 ba, ga al'umma fiye da miliyan 200. Idan wanda ke gidansu, da iyayensa da kuɗin motarsa, yana shan wahala kafin ya ga likita a asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa ko Kware ko Dawanau ko Maiduguri, to ina ga wanda ke kulle ba mai tambayarsa?

Mai sauraro zai ce, ta yaya mai taɓin hankali ke tsintar kansa a gidan yari tun farko?

Hanya ta farko ita ce ta wanda ciwon ya riga kamun. Mu ɗauki misalin saurayi da ciwo ya fara taɓawa, yana jin muryoyin da babu mai jinsu sai shi, yana ganin kowa na neman ransa. Ya shiga kasuwa ya ɗauki kayan wani, ko yara sun tsokane shi ya jefi ɗaya da dutse ya fasa masa kai, ko ya afka gidan mutane cikin dare. Jama'a su yi masa duka, su miƙa shi ga 'yan sanda. A ofishin 'yan sanda babu mai horon gane mara lafiya daga mai taurin kai. A rubuta masa bayani, a dangwala masa yatsa, washegari a kai shi kotu. Haka nan mace mai jego da hankalinta ya gushe bayan haihuwa, ciwon da likitoci suka san shi sarai kuma yana da magani, ta yi wa jaririnta illa ba cikin hayyacinta ba. Maimakon gadon asibiti, sai ta tsinci kanta a ɓangaren mata na gidan yari da tuhumar kisan kai. Kai, har wanda baƙin ciki ya kai shi ga yunƙurin halaka kansa, sashe na 231 na kundin Penal Code da aka daɗe ana aiki da shi a Arewa ya tanadar masa ɗaurin da zai iya kaiwa shekara guda.

Hanya ta biyu ita ce ta shaye-shaye. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gudanar tare da gwamnatin Najeriya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 sun yi amfani da ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken. Mun san abin da tiramol da kodin da wiwi suka yi wa unguwanninmu. Matashin da jikinsa ya saba da ƙwaya, idan aka kulle shi aka yanke masa ita rana ɗaya ba tare da kulawar ma'aikacin lafiya ba, zai shiga rawar jiki da rashin barci da firgita, wani ma har faɗuwa yake yi kamar mai farfaɗiya. Abokan ɗakinsa su ce iskanci ne, gandiroba ya ce rashin kunya ce.

Hanya ta uku ta fi tayar da hankali, domin mutum lafiyarsa ƙalau ya shiga, zaman ne ya taɓa shi. Wanda aka yanke wa shekara biyu ya san ranar fitarsa, yana ƙirga kwanaki, yana da abin da zuciyarsa ke riƙe da shi. Mai jiran shari'a ba shi da wannan. Bai san ko gobe ba ne, ko baɗi, ko sai gawarsa. Yana cikin ɗakin da aka cusa mutane har ba wurin miƙe ƙafa, ga zafin bazara, ga ƙazwa, ga sauro, ga gabzar da ba ta ƙosarwa. A da, kuɗin abincin fursuna a rana Naira 750 ne, sai a 2024 aka ƙara shi zuwa Naira 1,125, kuma kowa ya san abin da wannan kuɗi ke iya saya a kasuwar yau. Yawancin ayyukan koyon sana'a da karatu da ke rage wa fursuna zaman banza, waɗanda aka yanke wa hukunci suka fi cin moriyarsu. Shi mai jira sai zama da tunani. Yau ya ji matarsa ta kai ƙara a raba auren, gobe ya ji mahaifiyarsa ta rasu an binne ba ya nan, jibi ya ji an sayar da gonarsa an biya lauyan da bai sake gani ba. Likitocin ƙwaƙwalwa a duniya sun daɗe da tabbatar da cewa haɗarin mutum ya kashe kansa a kurkuku ya fi yawa ga masu jiran shari'a, musamman a makonnin farko na tsarewa.

Akwai kuma hanya ta huɗu da mu al'umma muke da hannu a ciki dumu-dumu. Dangi su gaji da ɗan'uwansu mara lafiya, su haɗa baki a ƙulla masa tuhuma, a kai shi a ajiye. Rahoton da ƙungiyar Amnesty International ta fitar a 2008 kan gidajen yarin Najeriya ya ba da labarin mutanen da ke kulle a gidan yarin Enugu ba su da wata tuhumar laifi, ciwon ƙwaƙwalwa ne kawai ya kai su. Wannan ɗabi'a tana da tsohon asali. Tun dokar mahaukata ta 1916, Turawan mulkin mallaka sun fi ɗaukar mai taɓin hankali a matsayin fitinar da za a kawar daga kan hanya, kuma a wurare da yawa wani ɓangare na gidan yari aka keɓe don ajiye su. Turawa sun tafi, tunanin ya zauna.

To, jama'a, da zarar irin wannan mutum ya shiga, sai ƙofofi uku su rufe a kansa.

Ƙofar farko ita ce ta shari'a. Ƙa'ida ce a kotu cewa ba a yi wa mutum shari'a sai ya fahimci abin da ake tuhumarsa da shi, kuma zai iya kare kansa. Alƙali zai sa a karanta masa tuhuma, a tambaye shi ko ya gane, ya aikata ko bai aikata ba. Idan ya amsa da wani zance daban, ko ya yi ta dariya, ko ya ƙura wa bango ido, dole alƙali ya dakata ya nemi rahoton likita. Har nan daidai ne. Amma wa zai kai shi wurin likitan? Ana buƙatar mota, da mai, da jami'an rakiya, da kuɗin kati, da likitan da zai zauna ya duba shi ya rubuta rahoto, wataƙila ma ya zo kotu ya ba da shaida. Sai a shiga maganganun da duk mai zarya a kotu ya haddace: "Rahoto bai iso ba." "Motar gidan yari ba mai." "An yi wa mai gabatar da ƙara canjin wurin aiki." "Ku dawo wata mai zuwa." Idan kuma babban laifi ne kamar kisa ko fashi, sau da yawa 'yan sanda kan kai shi gaban majistare wanda ba shi da hurumin sauraron irin wannan ƙara, shi kuma ya aika da shi gidan yari a jira shawarar ma'aikatar shari'a. Fayil ya tafi, wani lokaci ya ɓace a hanya. Mai hankali yana iya roƙon gandiroba ya tuna masa ranar kotu, yana iya aika saƙo gida. Wanda bai san yau wace rana ba ce, wa zai tuna da fayil ɗinsa?

Ƙofa ta biyu ita ce ta beli. Ko da laifin ƙarami ne kuma alƙali ya ba da beli, sai an sami masu tsaya masa, wani lokaci a ce sai ma'aikacin gwamnati mai wani matakin albashi, ko mai takardar fili, ko mai unguwa. Wa zai sa hannu ya tsaya wa wanda ake kira mahaukaci? Wasu dangin ma ba su san inda yake ba, domin shi kansa ya kasa faɗin sunan garinsu. Wasu sun sani, amma za ka ji suna cewa, "Gara yana can, ko ba komai ba zai shiga duniya ba." Wasu kuma kunya ce ta rufe musu baki, kada a ce akwai hauka a gidansu, 'yan matan gidan su rasa manema.

Ƙofa ta uku ita ce ta magani. Ɗakin shan magani na yawancin gidajen yari, in an yi sa'a, ma'aikacin jinya ne a ciki da maganin zazzaɓi da na ciwon kai. Idan mara lafiya ya tada ƙayar baya, abin da ke hannun jami'i shi ne ya keɓe shi a ɗaki shi kaɗai, ko a sa masa ankwa ko mari. Kaɗaici kuwa ƙara rura ciwon yake yi. Idan aka bar shi cikin jama'a, ya zama abin tsokana da duka, a cinye masa abinci, wasu ma a ci zarafinsu ta hanyar da baki ba zai iya faɗa a rediyo ba. A nan ya kamata mu yi wa gandurobobi adalci. An horar da su ne su tsare mutane, ba a horar da su jinyar ƙwaƙwalwa ba, kuma da yawansu daga aljihunsu suke taimakon irin waɗannan bayin Allah. Kai mai taɓin hankali gidan yari daidai yake da kai mai karaya wurin maƙeri maimakon maɗori.

Abin da zai ba mai sauraro mamaki shi ne, dokokin ƙasar nan sun riga sun hana kusan duk abin da muka lissafa.

Kundin Tsarin Mulki na 1999, a sashe na 36, ya ce duk wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne har sai an tabbatar. Sashe na 35 ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, kuma ya hana a ci gaba da tsare mai jiran shari'a fiye da iyakar ɗaurin da doka ta tanadar wa laifin da ake zarginsa da shi. Wato wanda ake zargi da laifin ɗaurin shekara guda, zamansa na shekara biyu yana jira ya saɓa wa tsarin mulki kai tsaye.

Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda jihohi suka yi irin tasu, Kaduna a 2017, Kano a 2019, ta ƙayyade tsarewar wucin gadi. A dokar tarayya kwana 14 ne, ana iya sabuntawa 'yan lokuta ƙididdigaggu, duka-duka ba su cika wata biyu ba, daga nan hukuma ta kawo hujja ko a saki mutum. Ta wajabta wa manyan majistarori ziyartar ofisoshin 'yan sanda kowane wata su ga waɗanda ke tsare. Ta ce duk bayan kwana 90 shugaban gidajen yari ya miƙa wa manyan alƙalai sunayen waɗanda suka haura kwana 180 suna jira. Kuma ta fayyace yadda kotu za ta yi da wanda ake zaton hankalinsa ba daidai yake ba, tun daga binciken likita har zuwa miƙa shi asibiti ko hannun danginsa bisa sharaɗi.

Dokar gidajen gyaran hali da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Agustan 2019 ta hana jami'in da ke shugabantar gidan yari karɓar mutumin da aka kawo da mummunan rauni, ko wanda hankalinsa ba ya jikinsa, ko ƙaramin yaro. Ta kuma tanadi kwamitin duba lafiyar ƙwaƙwalwar fursunoni a jihohi. Sai kuma dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta amince cewa mai wannan lalura mara lafiya ne mai haƙƙin magani da mutunci. A matakin duniya ma, ƙa'idojin kula da fursunoni da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a Disambar 2015, waɗanda aka raɗa wa sunan Nelson Mandela, sun ce likita ya duba kowane fursuna da zarar an kawo shi, sun hana keɓe mutum shi kaɗai fiye da kwana 15 a jere, kuma sun ce wanda ke da taɓin hankali mai tsanani, wanda zaman kurkuku zai ƙara masa ciwo, a mayar da shi asibiti.

Ashe doka ba ta yi mana ƙaranci ba. Abin da ya rage shi ne mutanen da aka ɗora wa aiki su yi aikinsu, a kuma ba su kuɗin yinsa.

Addininmu ma ya riga dokar zamani. Malaman fiƙihu sun haɗu a kan cewa hankali sharaɗi ne na ɗora wa mutum nauyin shari'a. Wanda hankalinsa ya gushe ba mukallafi ba ne, ba a tsayar masa da haddi, ko salla ma ba ta hau kansa ba a wannan hali. Idan Ubangijin da ya halicce shi ya ɗauke masa nauyi, mu a wane dalili za mu bar shi shekara da shekaru cikin azabar da ta fi hukuncin mai hankali? 'Yan'uwanmu Kirista ma sun san matsayin ziyarar marasa lafiya da fursunoni a koyarwarsu. Babu addinin da ya yarda a jefar da mara lafiya a manta da shi.

Na san wani zai ce, to wanda aka yi wa ɓarna fa? Wanda aka kashe wa ɗa, ko aka raunata, shi ba shi da haƙƙi? Yana da shi, kuma haƙƙi ne babba. Babu mai cewa a buɗe ƙofa a saki mutumin da zai iya cutar da jama'a. Abin da ake cewa shi ne a tsare shi a inda za a yi masa magani, a ɓangaren asibiti mai tsaro. Idan ya samu sauƙi har ya iya fahimtar tuhuma, a yi shari'a, kotu ta tantance ko yana cikin hankalinsa a lokacin da abin ya faru, kamar yadda sashe na 51 na Penal Code ya tanada. Ta haka ne kawai dangin wanda aka zalunta za su ji hukunci daga bakin alƙali. Shari'ar da aka dakatar shekara goma, shaidu sun mutu, hujjoji sun ɓace, ba ta share wa kowa hawaye ba. Kuma ta fuskar tsaro, wanne ya fi haɗari ga unguwa, mutumin da aka yi wa magani ya dawo yana shan magungunansa, ko wanda aka sako bayan shekaru ciwonsa ya ninka, babu magani babu mai karɓarsa?

Wani kuma zai ce babu kuɗi. Magungunan da aka daɗe ana amfani da su wajen kwantar da gushewar hankali da farfaɗiya da ciwon damuwa suna cikin masu araha a kasuwar magani. Ciyar da mutum da gadinsa shekara biyar ya fi kuɗin jinyarsa ta wata uku nesa ba kusa ba. Ba kuma dole ne sai an ajiye babban likita a kowane gidan yari ba. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da tsarin horar da ƙananan ma'aikatan lafiya su gane waɗannan cututtuka su fara magance su a ƙarƙashin kulawar ƙwararre, kuma an gwada shi a Najeriya. Ƙasar nan ce fa ta haifi Farfesa Thomas Adeoye Lambo, wanda tun 1954 a Aro kusa da Abeokuta ya nuna wa duniya cewa ana iya jinyar masu taɓin hankali a cikin ƙauye, tare da danginsu, su warke su koma gida.

Saboda haka kiranmu na farko ga gwamnoni ne. Mafi yawan waɗanda ke tsare, laifukan dokokin jiha ake tuhumarsu da su, kuma gyaran tsarin mulki na Maris 2023 ya ba jihohi hurumi a harkar gidajen gyaran hali. Zamanin cewa wannan aikin Abuja ne ya wuce. Kowace jiha ta sa kuɗin maganin ƙwaƙwalwar fursunoni a kasafinta, ta keɓe gadaje masu tsaro a asibitinta, ta ƙulla yarjejeniya da asibitin ƙwaƙwalwa mafi kusa domin likita ya riƙa shiga gidan yari ko da sau ɗaya a wata.

Kira na biyu ga manyan alƙalan jihohi. Ranka ya daɗe, idan za ka fita ziyarar rage cunkoso, ka tafi da likitan ƙwaƙwalwa, ka kuma nemi a fito maka da waɗanda ba sa iya tsayawa a layi su ɗaga hannu. A Nuwambar 2023 ma'aikatar harkokin cikin gida ta fara sakin fursunoni 4,068 bayan an biya musu tara, abin a yaba ne, amma wannan rangwame na waɗanda aka riga aka yanke wa hukunci ne. Mara lafiyar da ba a taɓa sauraron ƙararsa ba, babu tarar da za a biya masa. Sai alƙali ya neme shi da kansa.

Kira na uku ga kwamishinonin shari'a da rundunar 'yan sanda. A sa wa'adi ga shawarar da ake jira, a fifita fayil ɗin duk wanda aka ce ba shi da lafiya. A koya wa jami'an da ke karɓar ƙara alamomin wannan ciwo, domin ƙaramin laifin da ciwo ya haifar ya ƙare a asibiti tun kafin ya kai kotu. Hukumar ba da tallafin shari'a ga marasa ƙarfi, wadda aka kafa tun 1976, da ƙungiyar lauyoyi, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, su ma su tuna cewa wanda ya fi kowa buƙatar lauya shi ne wanda ba zai iya neman lauya ba.

Kira na huɗu ga sarakuna da malamai da masu hannu da shuni. Hakimi da mai unguwa suna iya gano dangin wanda ya ɓace a gidan yari cikin mako guda idan aka ba su suna da kamanni. Limamai su faɗa a kan mumbari cewa taɓin hankali ciwo ne kamar hawan jini da ciwon suga, kuma addu'a da ruƙiyya ba sa hana zuwa asibiti. Masu kai abinci gidan yari da azumi, Allah ya saka, amma a haɗa da kuɗin magani, domin ciwon ba ya jiran watan Ramadan.

Kira na ƙarshe gare mu ne, iyaye da 'yan'uwa. Idan ka ga ɗanka ko ƙaninka ya daina barci, ya fara surutai shi kaɗai, ya janye daga mutane, ya fara zargin kowa, ka kai shi asibiti tun kafin ya yi abin da zai kai shi hannun hukuma. Idan kuma ya riga ya shiga, kada ka juya masa baya. Ka kai katin asibitinsa da sunan maganin da yake sha ga jami'an gidan yari da lauya da kotu. Ka je ranar zaman kotu ka tsaya a inda alƙali zai gan ka, domin fayil ɗin da ke da mai bibiya ba ya saurin ɓacewa. Kada kowa ya ɗauka wannan masifar gidan wasu ce. Hankali aro ne a hannun kowannenmu, kuma abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Jama'a masu sauraro, mutumin da ba a same shi da laifi ba, kuma ba shi da lafiya, abu biyu yake bin hukuma bashi: a yi masa magani, sannan a yi masa shari'a ko a sallame shi. Duk ranar da ya ƙara kwana a kulle ba tare da ɗaya daga cikin biyun ba, zalunci ne, kuma alhakinsa yana wuyan duk wanda ke da ikon gyarawa ya yi shiru. Muna roƙon waɗanda abin ya rataya a wuyansu su fara da abu mafi sauƙi, su shiga gidajen yarin jihohinsu cikin wannan wata, su rubuta sunan kowane mara lafiya da ke jiran shari'a, su kai shi gaban likita da alƙali.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya fitar da wanda aka tsare ba da haƙƙi ba, ya ba shugabanninmu ikon yin adalci.